Motar da Ba Ta Tari

Haladu direba da ƙafa ya iso Jidda ta Sudan yana saurayi, ya sauke farali, ya yi zamansa a unguwar Karantina. A 1953 kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, Hamad attajirin shinkafa, ya damƙa masa wata baƙar Humber, ƙatuwa mai dogon hanci da taurin sitiyari. Shekara ashirin suna tare. Ta tsufa har ta koma tari da gurnani, tun daga bakin unguwa ake jin ta.

Shi ma ya tsufa. Yanar ido ta fara rufe masa gani, bai gaya wa kowa ba, ko matarsa Sauda. Tsoro yake ji, don makahon direba ba shi da kafili, wanda ya rasa iƙama kuwa, wato takardar zama, sai jirgi, a mayar da shi ƙasar da ba wanda ya san shi.

Manyan tituna da sauƙi, ya haddace su kamar Fatiha. Lungunan Karantina ne abin fargaba, inda yake komawa da motar kullum da azahar, ga yara birjik. Humber ce ta rufa masa asiri. Da ta yi tarin nan sai ka ji mata suna cewa, "Ga Haladu nan, ku kwashe yara!" Kafin ya shigo hanya ta zama fayau.

Ana nan sai Saleh, ɗan Hamad, ya sayo farar Jaguar. Kujerun fata, sanyi a ciki, gilas a rufe, tafiya sumul. Kowa ya yaba. Haladu kam da ya tayar da ita bai ji ƙarar komai ba, sai ya gane ba wanda zai ji zuwansa.

"Ya Saleh, ka bar mini tsohuwar ko don zuwa gida."

"Halas ya ammi, an gama, 'yan gwangwan sun ɗauke ta. Yalla, kai ma ka ji daɗi a tsufanka."

Ranar ya shiga lungu a hankali yana danna hon. To wa ke kula hon a Jidda? Tarin Humber unguwar ta sani, ba wanda ya kwashe kowa. Inuwoyi kawai yake gani suna gilmawa. Sai ya ji tim a ƙarƙashin taya.

Ya fito, ya durƙusa yana lalube. Hannunsa ya taɓa jini, ya taɓa gashi. Akuyar Dela maƙwabciyarsu ce. Ya bi igiyar wuyanta da yatsu har ƙarshe, ya tarar da ɗan ƙaramin hannu riƙe da ita gam. Jikarsa Luba ce tsaye, ko taku ɗaya babu tsakaninta da tayar.

"Ya jaddi, wallahi ban ji ka ba."

Mutane sun cika lungun, har da Sauda. Haladu ya zare makullin, ya miƙa shi ga inuwar da ta fi kusa.

"Ni ma ban gan ki ba, Luba. Na daɗe ba na gani."