Gulmar Wuta da Tsakin Yaya Lawal

Bana shekara arba'in da shida ke nan da rasuwar yayana, wanda mutanen Kankiya suka sani da Lawal Mai Lasifika. Hatsarin mota ne a hanyar Kusada. Ya bar 'yarsa Binta tana goye, daga baya riƙonta ya dawo hannuna. Yau Binta har ta yi jika, amma tambayar da take yi mini tun tana ƙarama ba ta canza ba: "Gwaggo, wai ya muryar Baba take?"

Tambaya ce mai wuyar amsawa, don Yaya mai in'ina ne. Mutumin da ya kai muryar kowa ƙarshen gari, tun daga mai wa'azi har mai cigiyar tunkiya, bai taɓa yarda ya kai bakinsa makirfo ba. Ko gwaji zai yi, sai dai ya ƙwanƙwasa da yatsa.

Ya sayi kayan sautinsa lokacin da kuɗin fetur suka fara shigowa, kowane mai taro yana son a ji shi daga nesa. Wutar gwamnati ba ta kai ƙauyuka ba, don haka ko Sukuntuni aka kira shi ko Boko, da janareta ake aiki. Abin da ke ba ni mamaki har gobe shi ne yadda yake gwada amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa murya ƙarfi. Zai kunna, ya hana kowa tari, ya kasa kunne. Wani kugi yake nema. Wutar janareta ba ta zuwa a miƙe, rawa take yi, kuma in na'ura ba ta iya tace ta ba, sai rawar ta biyo ta fito ta lasifika. Wannan kugin ya sa wa suna gulmar wuta. Ya taɓa ce mini, bayan ya sha fama da kalmomin: "Aikinta ta hwaɗi abin da aka hwaɗa mata. In ta koma ba da labarin janareta, magulmaciya ce." Da batirin mota ba ta gulma, sai dai batiri kan mutu taro bai watse ba.

Kaset ɗaya ya rage mana daga zamanin, na walimar saukar karatun ƙanenmu a Kafinsoli. Maigidana ya ajiye rakodarsa kusa da teburin Yaya. Ran nan an raba janareta da wani mai kanti da ya yi sabon firiji. Duk sanda firijin ya tashi, sai kugi ya cika gari, mu mata a cikin gida mu kwashe da dariya, muna cewa lemo ya fara sanyi. Yaya kam ko murmushi bai yi ba.

Bara ɗan Binta, wanda ke gyaran kayan sauti a Katsina, ya juye kaset ɗin a kwamfuta. Shi ya nuna mini cewa yanzu a takardar amfilifaya akwai wata lamba da ke faɗin ƙarfinta wajen hana rawar wuta shiga cikin sauti. Ashe gulmar Yaya har ma'auni gare ta! Na daɗe ina tunanin me Yaya zai ce. Ina jin zai karanta lambar, ya gyaɗa kai, sannan ya hana kowa tari. Kuma yau da masallatai suka koma sola, lasifika shiru kamar ba a kunna ba, ban san da wa zai riƙa faɗa ba.

Jikan nasa ya ce zai goge kugin, ko Allah zai sa a tsinci muryar kakansa a ƙarƙashi. Ya goge. Addu'ar malam ta fito tangaran. Can tsakiya, ana amsa amin, sai ga wani dogon tsaki. Na ce, "Shi ne!"

Fuskar Binta ta canza. Ta ce, "Gwaggo, Baba ke tsaki ana addu'a?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Duk jiran da baiwar Allah ta yi, a ce abin da za ta fara ji ke nan daga ubanta? Na ce a sa mana na asali, wanda ba a taɓa ba. Aka sa. Malam na addu'a, firiji ya tashi, kugi ya danne shi, sai tsakin ya biyo baya. Jim kaɗan kugin ya sauka, muryar malam ta dawo. Hannun Yaya ne ya kai ga na'urar.

Binta ta sa aka maimaita, tana share ido. Ta ce wa ɗanta ya zubar da gogaggen, ya bar wa Baba abokiyar faɗansa. Ya fara yi mata bayanin wahalar da ya sha, ita kuwa ta ja masa tsaki.

Na juya na dube ta. Kayan Yaya sun daɗe da ruɓewa, sunansa ma tsofaffi kaɗai ke tunawa. Amma wannan tsakin, da tsawonsa da yadda yake lanƙwasa a ƙarshe, tun Binta na koyon tafiya nake jin sa a gidana, ina yi mata faɗa a kai. Na ce mata, "To, ga amsar tambayarki nan a bakinki."

Allah Ya jiƙanka Yaya, Ya sa inda kake babu abin tsaki.