Malam Sada ya tafi, har an fara tambayata hanyar kufai

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina goge babur zan tafi makaranta, ƙanin Malam Sada ya kira ni. Wai Malam ya cika bayan asuba.

Na jima a tsaye da tsumma a hannu.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ya koya mini tarihi a sakandare a Safana. Da ya yi ritaya sai ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi, wato bin tarihin ƙasarmu ta Batsari da Safana zamanin da Katsina ke ƙarƙashin daular Sakkwato. Yakan ce littattafan da muke karantawa duk a ƙofar birni suke tsayawa, kamar mu nan daji kawai aka bari. Alhali nan ne bakin iyaka. Nan mahara suke fara faɗowa, nan mutane suka yi ganuwa, aka tashe su, suka sake yin wata.

Ni nake goya shi ƙauyuka. Bai iya babur ba, ni kuma ban iya yi masa musu ba.

Bai taɓa shiga gidan tsoho ba goro ko sabulu a hannu ba. Ranar da mahaifina ya rasu, shi ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa kamar ɗan gida.

Halinmu dai ba ɗaya ba ne. Shi kowa ya zo ya yarda da shi. Ni kuwa kun san ni, gaisuwa ma in ta wuce ƙa'ida sai na fara tunanin me ake nema.

Akwai wani kufai a kan tudu can bayan Karare, tsohon gari da aka watse aka bari. Har yau ana ganin sauran ganuwa da ramukan marina. Baba Nomau, wani dattijo da kakanninsa suka zauna can tun suna kan addinin gargajiya, shi ke da iko da wurin. Mun sha zarya kafin ya saurare mu. Zuwanmu na farko kallonmu ya yi sama da ƙasa ya ce, "Mi kuka nema wurin ga? Zinari?"

Da ya yarda, sai ya faɗi ƙa'idar gidansu. Ba a shiga da takalmi, domin akwai kabarin iyaye. Ba a ɗaukar hoto. Ba a fita da komai, ko da tsingaro ne.

Malam ya riƙe wannan har ya mutu. Yakan tsuguna ya ɗauki tsingaron tukunya, ya juya shi, ya mayar da shi daidai gurbin da ya bari a ƙasa. Na taɓa ce masa ya ɗauki ko ɗaya ya nuna wa mutanen jami'a, ko sa yarda. Ya ce, "Audu, ranar da na sa ɗaya a aljihu, tsofaffin ƙasar nan sun gama yi mana magana ke nan."

Ya je jami'ar kuwa, ya roƙi a turo ɗalibai su yi bincike. Wani Dakta a can ya yi dariya, ya ce me ke dajin nan ban da gero. Malam ya dawo yana ba shi uzuri, wai aiki ne ya yi masa yawa. Ni ban ba shi ba.

Juma'ar da ta wuce na same shi kwance a tabarma, murya ta yi ƙasa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Za su zo, ko ba na nan. In sun zo ka kai su. Amma ka bi ta wurin Baba Nomau."

Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Ɗazu muna dawowa daga maƙabarta, ƙurar kabari ba ta bar ƙafata ba, waya ta yi ƙara. Daktan nan ne. Ta'aziyyar gajera ce. Ya ce yanzu sashensu na son farfaɗo da aikin, da sunan Malam ma za a yi. Wallahi raina ya fara yin fari, don abin da bawan Allah nan ya yi ta roƙo ke nan.

Sai ya ce, "Af, tukunyar nan mai siffar kan mutum, tana nan dai a gindin kukar ko?"

Jama'a, tukunyar nan a cikin kufai take, gindin wata kuka, kuma Malam bai taɓa rubuta zancenta ba. Babu hotonta. Daga shi sai ni sai Baba Nomau muka gan ta. Ni ban faɗa wa kowa ba, ko matata. Baba Nomau ba shi da waya, kasuwa ma ya daina zuwa.

To wa ya faɗa masa?

Kwanakin baya makiyaya sun ce mini sun ga wata a-kori-kura kusa da tudun, da mutane masu shebur. Na gaya wa Malam, ya ce ƙila masu ɗiban yashi ne. Yashi a kan tudu.

Ban kama kowa da komai ba, shi ya sa ban ambaci suna ba. Ƙila Malam ne da kansa ya ba Daktan labari, da yardar nan tasa. In haka ne Allah ya yafe mini zato. A wayar dai na ce masa sai an share makoki, kuma sai abin da Baba Nomau ya ce.

Gobe da sassafe zan tafi Karare. Har yanzu ba wanda ya gaya wa tsohon nan abokinsa ya rasu, ni zan gaya masa. Daga nan mu tuɓe takalmi mu hau tudun tare.

Allah ya jiƙan Malam Sada, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a.

Ni ma ku sa ni a ciki. Allah ya sa in tarar da tukunyar nan inda Malam ya bar ta.