Yayen Sanaubar

Shekara tara na yi ina aikin lambu a gidan wani dattijo mutumin Sham a unguwar Aziziyya ta Jidda, shi ne kuma kafilina, wanda zamana a ƙasar ke hannunsa. Shuke-shuken gidan duk ba su dame shi ba, in ban da itatuwa uku da ake kira sanaubar, masu ganye kamar tsintsiya. Daga ƙauyen mahaifinsa ya kawo irin. Burinsa bai wuce ya sha shayi a inuwarsu kafin ya mutu ba.

Da zan dasa su, na haƙa rami kamu ɗaya sai diga ta ci karo da fa. Ƙasar wurin duk haka take, 'yar shimfiɗa ce a kan dutse. Na ce ba komai, saiwa ta san hanyarta.

A garinmu ice ma yaye shi ake yi. In darbejiya ta ga damina biyu sai a janye mata ruwa, ta nutsa ƙasa ta nemi na kanta. Haka na ga mahaifina yana yi, ni kuwa akwai taurin kai. Dattijo ya ce kullum in ba su ruwa, na ce to. A shekara ta shida na yaye su, ban gaya wa kowa ba. Sai dai in yayyafa a gindi don a ga jiƙa.

Na manta Jidda ba ta da damina. Ɗan ruwan da kan sauko lokacin sanyi ma ya ɗauke, shekara uku ba abin kirki, zafi kuma ya riƙa zarce lokacinsa. Tohon da a da yake ƙara taƙi guda ya koma ɗan yatsa. Ganye ya yi ja tun daga sama. Na dawo da ban ruwa safe da yamma, amma aikin gama ya gama. Biyu suka bushe, ta ukun ta bi su.

Da na tono kututturen farko, sai ga saiwa shimfiɗe kamar faifai. Ta iske dutse ta bi gefe, ba inda za ta nutsa.

Dattijo ya sa aka yanka gindin da zarto, ya tsuguna da ƙyar.

"Ta'al ya hajj, zo ka gani. Kowane zobe shekara ɗaya ce."

Ya bi su da farce daga tsakiya. Biyar masu faɗi, sauran sirara kamar zare. Ya tsaya daidai kan iyakar.

"Nan fari bai zo ba tukuna. Me ya same ta a nan?"

"Ni ne, ya ammi. Yaye su na yi."

Na yi masa bayani, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai yi faɗa ba, bai kore ni ba.

"Halas, ya wuce," ya ce. "Saura iri a ɗaki. Ka fasa dutsen tukuna, sannan ka shuka."

Shekararsa tamanin da ɗaya a lokacin. Ni da shi duk mun san ba zai sha wannan inuwar ba.