Yadda Baƙo Mai Ƙwaya Ya Nemi Gafarar Mutanen Fadama

A dakatar da daka, a ɗaure akuyoyi, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, don za a ambaci babban mutum. Ga Baƙo na Haɗeja, sarkin haɗiya, dodon tsutsar ciki, wanda ya sha maganin cututtukan da bai taɓa yi ba fiye da duk wani mahaluki tsakanin Malam Madori da Birniwa. In ka gan shi kuwa ba za ka ce shi ne ba. Gajere ne, siriri, hularsa kullum a karkace, yana tafiya kai a sunkuye kamar wanda allurarsa ta faɗi.

Da can dako yake yi a tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, lokacin cinikin gyaɗa. Bayan an dawo daga yaƙin Bama sai wani kamfanin magani ya buɗe ɗan shago a bakin tashar, ya ɗauki 'yan talla, kowa da akwatin ƙarfe da laima da yankinsa. Baƙo aka bai wa fadama, don ba ya tsoron ruwa, kuma yana jin Barbarci gwargwadon gaisuwa da ciniki da zagi. In kogi ya cika ya malala, ƙauyukan wajen Kirikasamma suka koma tsibirai, sai ya hau kwalekwalen wani masunci mai suna Kolo, su yi ta ratsa ciyawa daga wannan tudu zuwa wancan.

Mutanen fadama suna da al'adarsu. Ba sa karɓar magani a hannun kowa sai sun ga ya shiga bakin mai shi tukuna. Ko mai saiwa ya jiƙa musu abu a ƙwarya, shi zai fara kurɓa. Baƙo bai ga dalilin da ƙwayar Turawa za ta fi ƙarfin wannan doka ba. Duk garin da ya sauka sai ya shimfiɗa buzu a ƙofar mai unguwa, ya buɗe akwati, ya bi kayansa ɗaya bayan ɗaya yana haɗiyewa a gaban jama'a. Kwinin, maganin zazzaɓin nan mai ɗaci, taunawa yake yi, fuskarsa ko motsi. Ruwan tari ya kurɓa ya lashe baki. Har maganin ciwon mara na mata bai bari ba, ya sha ya ce da su lafiya lau. Gishirin wankin ciki ne kaɗai ya koya masa hankali, shi ya sa yake barinsa sai an kusa tashi, Kolo kuma ya san duk wani tudu mai duhuwa da za a tsaya a hanya.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ba dole ce kawai take sa shi ba. Son sani ne. In ya dawo gida sai ya zauna ya yi ta ba matarsa 'Yar'azumi labarin abin da kowace ƙwaya ta yi a jikinsa: fara tana sa kunne ƙara kamar sauro ya shiga, rawaya tana rina ido da fata, ƙaramar nan kuwa ya rantse bai taɓa kama ta tana yin komai ba, amma ita aka fi saye. 'Yar'azumi takan ce ita dai ta auri mutum, ba kwalba ba.

Ana nan, wata damina ya je ɗaukar kaya sai akawun shagon, Malam Ɗahiru, ya tara su ya ce kamfani ya sayi mota mai lasifika, wadda za ta riƙa zagaya kasuwanni tana talla da kanta. Kafin kaka Bature zai zo daga Kano ya rage 'yan talla. Wa za a rage, wa za a bari, ya ce shi ma bai sani ba. Baƙo ya tambaya ko ita motar ce za ta riƙa haɗiyar ƙwayar. Aka yi dariya.

Kowa ya kama tasa dabarar. Wani ya tafi wajen malami aka yi masa rubutu, wani ya fara kai wa akawu zabi. Baƙo kuwa ya yanke wa kansa hukunci tun kafin alƙali ya zauna. Shi ne babbansu a shekaru, ba ya karatun boko, to wa za a kora in ba shi ba? Ban da matarsa bai gaya wa kowa ba, don kunya. Tuwo ya daina shiga. Ya rame, ƙasusuwan wuya suka fito, ga idon nan da ƙwaya ta riga ta rina.

Amma ba yunwar gaba ce ta fi damunsa ba. Shekara da shekaru yana cin tuwon mutanen fadama, yana kwana a zaurukansu. Ya yi cacar baki da wasu, ya sayar wa wasu maganin da bai hana mai mutuwa mutuwa ba. Mutumin kirki ba ya rabuwa da jama'a haka nan kamar ɓarawo. Saboda haka a zagayen da ya ɗauka shi ne na ƙarshe, duk garin da ya gama talla sai ya bi gida gida, ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce a yafe masa abin da ya yi, wanda ya sani da wanda bai sani ba. Dalili kuwa bai faɗa ba.

To, a fadama mutum biyu ne ke bin gidaje da wannan magana: mai shirin tafiya Makka a ƙasa, da wanda ya ji a jikinsa kwana ya ƙare. Aka duba Baƙo, babu jaki, babu guzuri, babu matar da ta ɗaure kaya. Aka duba idonsa, aka duba wuyansa. Aka tuna abin da yake haɗiya tun shekaru.

Labari ya riga kwalekwale isa gari na gaba. Baƙo ya sauka ya ga tarbar da bai taɓa gani ba: aka kawo fura, aka yanka kaza, liman ya yi masa doguwar addu'a. Ya buɗe akwati, ba wanda ya matso. Abin ya ɗaure masa kai. Ya shinshina kwalabe ko ruwa ya shiga, ya ɗaga ƙwaya a rana, ya sake ɗanɗanawa ko ta lalace. Duk wadda ya jefa a baki sai ya ji mata sun yi salati a bayan zana. Kolo ya san zancen sarai, sai dai shi ma ya gaskata, don haka bai gaya masa ba, illa ya riƙa tuƙi a hankali yana kakkauce wa igiyar ruwa.

Sai a kasuwar Kirikasamma wata tsohuwa mai sayar da banda, Iya Gana, ta ja shi gefe.

"Ɗan nan, wacce ce a ciki ta cinye ka? Faɗa mini, don na ba jikata rawayar."

Baƙo ya buɗe baki ya kasa rufewa. Ya rantse mata lafiyarsa ƙalau, aikin ne kawai za a karɓe.

"Wa ke korar mai lafiya?" in ji ta. "Sun ga ta gama da kai ne, ba sa so ka faɗi a ƙofarsu."

Nan ya ga dole ya wanke kansa da kayansa. Ya tsaya tsakiyar kasuwa, ya watsa kwinin cikin tafin hannu ya taune, ya yi tsalle, ya sunkuci buhun shinkafar wani ya ɗora a ka. Ciki babu tuwo, kunne ya ɗauki ƙara, ƙasa ta juya, sai ga Baƙo zaune daɓas, buhu a gefe. Aka yi ta yi masa fifita. Daga ranar ko kyauta ba mai karɓar ƙwaya daga Kirikasamma har bakin Birniwa.

Ya koma Malam Madori da akwati kusan yadda ya fita da shi. Bature ya zo, ya leƙa akwatin kowa, ya yi magana da akawu, ya hau jirgi. Sannan Malam Ɗahiru ya kira Baƙo bayan shago ya gaya masa yadda aka yi. Mota ba ta iyo, saboda haka tun farko mai fadama ne kaɗai ba a yi niyyar taɓawa ba. Amma da Bature ya ga akwati cike, sai ya ce ashe mutanen ruwa ba sa son magani, a rufe yankin. Baƙo ya saurara har ƙarshe, ya gyara hula ta ƙara karkacewa, ya tambaya ko har da laimar za a mayar. Aka ce har da ita.

Bai daɗe da zama a gida ba sai ga mutanen fadama sun fara zuwa Haɗeja dubiya, kowa da ƙunshin banda, don ba a zuwa gaida majinyaci hannu sake. Suka tarar da shi a kan ɗaki yana gyaran jinka. Kifi ya taru har ƙudan unguwa suka yi ƙaura zuwa gidan, 'Yar'azumi ta ce ko ya kai kasuwa ko ta bar masa ɗakin. Haka ya zama mai banda. Idonsa ya washe, wuya ya cike, mutanen fadama kuma har yau suna nuna shi suna cewa ga wanda Allah ya tsamo da ya daina shan ƙwayar Turawa.

Ran nan na same shi a rumfarsa yana jera kifi a tabarma. Na zauna na warware masa lissafin duka, yadda ya kori kansa da bakinsa, na ce Kawu, da ka kama bakinka ba ka bi gidaje neman gafarar nan ba, da yanzu kai kaɗai ne ɗan tallan kamfani a duk ƙasar Haɗeja, da laimarka da komai.

Bai ko ɗago kai ba.

"Ai sun yafe," ya ce. "Ɗaga ƙafarka, ka taka mini tarwaɗa."