Kaftanin da Kawu Ya Goge Mini

Yau da safe ƙamshin gawayi a dutsen guga ya tuna mini da Kawu, yayan mahaifiyata. Ɗana ne ke shirin zuwa intabiyu, maƙwabta sai cewa suke a aro masa kwat. Na ce ba za mu ara ba.

Ni ma na taɓa arowa, lokacin da aka kira ni neman aikin koyarwa a Maƙarfi. Hannun kwat ɗin ya rufe mini yatsu, na ji daɗi, don ya ɓoye kantar fartanya. Kawu ya dube ni a ƙofar gidanmu a Furana ya ce, "Kai ne za su ɗauka, ko mai rigar?"

Na ce, "Kawu, kayanmu na ƙauye ne."

Sai ya sa na tuɓe kwat ɗin. Ya shimfiɗa farin kaftanina a tabarma, ya guntsi ruwa ya fesa, ya bi shi da guga har tururi na tashi. Ya daidaita mini hula ya ce, "Tsafta ce taka. Hannun nan kuma kada ka sa shi a aljihu."

A ofis wani mai taye a wuya ya ce, "Malam, gona za ka?"

Na ɗora hannuwana a tebur na ce, "Daga can nake, ranka ya daɗe."

Sun ɗauke ni. Maganar ƙauyen nan da na faɗa wa Kawu kuwa ban janye ta ba har ya rasu. Allah Ya yafe mini, shi kuma Ya tufatar da shi da fararen kayan Aljanna, nasa na kansa.