Yaya Hajara da Idon Bulus Makanike

Shekara ashirin da biyar ke nan da aka kashe yayata Hajara a ƙofar gidanmu da ke Tudun Wada, Kaduna. Sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ga farar hula ba, muna cikin murna, sai rikicin addini ya ɓarke, gari ya kama da wuta.

Ma'aikaciyar jinya ce a sashen ido. Ko a gidan biki idonta na kan idon mutane. Ta taɓa jin wata tana kukan ciwon kai, wai tana ganin bakan gizo kewaye da fitila. Nan take ta ce hawan jinin ido ne, kada ta kwana ba ta ga likita ba.

Ranar rikicin, tun hantsi zaurenmu ya cika da jini. Ga waɗanda barkonon tsohuwa ya turnuƙe, ga wani da aka watsa wa ruwan batir, baƙin idonsa ya yi fari kamar dafaffen ƙwai, ta sa ana ta kwarara masa ruwa. Da azahar aka shigo da Bulus, makanike ɗan unguwar Television mai gareji a layinmu. An rotsa masa fuska da gora. Na ɗauko tsumma zan danne idon, ta buge mini hannu.

"Kada ka taɓa, Sani! Dubi tsakiyar baƙin, ya ja gefe kamar ɗigon ruwa. Ƙwayar ta fashe. Kana dannawa ta tsiyaye."

Ta kifa masa kofin roba ta ɗaure. Tana gamawa samari suka iso da adduna, suna ihu a fito musu da shi. Ta ce in tsallakar da shi ta katangar baya, ita kuwa ta tare ƙofa. Ina kan katangar na ji tana cewa, "Majinyacina ne, ba zan ba ku shi ba." Da na dawo, na tarar an sare ta a wuya da kafaɗa. Bulus ya rayu, an ɗinke idon, har yau yana ganin inuwa da shi.

Me za ta ce da ta ga Kaduna ta yau, inda kowa ya tattara ya koma unguwar 'yan addininsa? Ko ta ga masu jan ido suna ɗiga ruwan sukari maimakon a duba su? Faɗa za ta yi, don ita dai rigakafi ya fi magani.

Wanda ya jagoranci samarin nan yana nan, ya tsufa, sahu ɗaya muke sallah. Bara na ga yana laluben takalminsa a ƙofar masallaci, tsakiyar idonsa ta yi fari fat. Yanar ido ce, aiki yana cire ta. Na yi kwanaki ina haɗiye maganar. Alheri danƙo ne, in ji mutane, amma ɗaukarsa da nauyi.

Ban yafe masa ba, ba kuma zan yi wa masu karatu ƙarya ba. Na dai tare ɗansa na ce ya kai shi asibiti. Abin da Yaya ta bar mini ke nan. Allah Ya jiƙanta.