Yadda Gangar Illa Ta Maida Mu Tamaske

Mun tashi Madawa da asuba, ladan bai ko gama gyaran murya ba, mu huɗu cikin wata tsohuwar mota da ta girmi aurena. Ga direba, ga shugaban alƙalai, ga wata madam mai koyar da kiɗa, sai ni mai riƙon na'urar ɗaukar murya.

Bari in faɗa muku abin da ya fito da mu ana tsakar damina. Ƙungiyar malaman kiɗa ta shirya gasar ɗalibai, uku za a zaɓa su tafi Tawa koyo na shekara. Da farko cewa anka yi kowa shi aiko kiɗansa ta waya. Wani ɗan Tamaske, yayansa ya kawo mishi kayan situdiyo daga Abijan, muryarsa ta fito kamar an wanke ta da omo. Wata yarinya kuwa ta aiko waƙa, jaki ne ke jan baiti ita tana amshi. Da mi za ka auna wannan da wancan? Sai anka kafa doka: na'ura guda, ɗaki a rufe, ba 'yan kallo, ba suna sai lamba. Wanga adalci ni anka aza ma a kafaɗa.

Hanyar Buza ba hanya ba ce, ra'ayi ne. Duwatsun Adar sun yi ta jifar cikin motar, mu kuma muna jifar rufinta da kawunanmu. A Buza munka ɗauki kiɗan masu gurmi da mai algaita a wani aji na lekol, wato makarantar boko, ni ina rufe taga, awaki suna buɗewa. Munka ci kwabto, wato kwaɗon ganye da ƙuli, mai abincin ta tsuga mana kuɗi don ta ga na'ura ta zaci 'yan gidan telebijin ne. Kafin Keita ruwa ya cika ƙorama, munka zauna bakinta muna shan shayi har na fara sanin sunayen kwaɗin wurin. A Tamaske ɗan situdiyo ya rera ba kayan yayansa, kuma wallahi yaron ya iya. Na ji haushi kaɗan, don na riga na shirya dariyata.

Zangon ƙarshe wani ƙauye ne kusa da Urno. Nan munka iske Illa, saurayi mai koyon gangar noma wajen kawunsa. Na sa shi ɗaki, na rufe ƙofa, na ɗaga mishi yatsa. Ya buga kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Munka sake, ya ƙara lalacewa, gumi na zuba.

Kawun nasa, wani tsoho mai ido ɗaya a lumshe, ya leƙo ya ce mini, yadda ake kiran malamin boko, "Mushe, wa za shi yi ma kiɗan? Bango?"

Shugaba ya ce, "Baba, doka ce. Kowa haka ya yi."

"To ku zo gayya gobe, ko ba ku rubuta komi ba."

Da safe munka bi su gona ba don muna so ba. Samari sunka jera da hauya, Illa na bayansu. Jama'a, ba yaron jiya ba ne. Hauya na sauka ganga na tarbarta, in layi ya yi sanyi shi zuga shi, in wani ya gaji shi kira sunan kakansa sai ka ga mutum ya zabura. Ni da ban taɓa noma ko tukunyar fure ba sai da ƙafata ta motsa. Na danna na'ura ba wanda ya sa ni.

Gindin wata itaciyar bedi anka yi shari'ar. Madam ta ce a karɓi na gona. Shugaba ya ce in an karɓa an cuci sauran, tunda mai algaita ma zai ce a kai shi gidan biki. In an ƙi kuma, Illa ya faɗi kan abin da ba shi ne kiɗansa ba. Daga ƙarshe shugaba ya ce, "Kowa sau biyu. Ɗaya a ɗaki, ɗaya inda ake kiɗan nasa. Rabin maki nan, rabi can."

Direba ya ce, "Wato mu koma?"

Munka koma. Buza, ƙorama, Keita, Tamaske, duk daga farko. Na bi mai algaita gidan suna, na bi masu gurmi dandali, na bi yarinyar nan mai waƙa da jaki bakin turmi. Ƙashin bayana har yanzu bai yafe ma Illa ba.

A Madawa alƙalai sunka saurara da lambobi kawai. Illa ya sha ƙasa a rabin ɗaki, ya kwashe rabin gona, ya zo na uku da ƙyar. Ɗan Tamaske ne na ɗaya, kuma ba wanda ya yi gardama.

Na shiga gida uwar yara ta dube ni ta ce wa ya aiko wanga tsoho. Abin da na koyo shi ne: sa kowa ɗaki guda shi ne adalci mai arha. Na gaskiyar sai ka bi mutum inda ya iya abinsa, kuma da ƙugunka za ka biya. Baɗi in an ce gasa, ku ce musu na tafi Abijan.